Filin jirgin saman Damagaram: Kada mu bari gari ya haɗiye shi

Duk wanda ya san Kano ya san cewa filin jirgin saman Malam Aminu Kano a tsakiyar jama'a yake a yau, alhali da can a bayan gari yake. Tun a shekarar 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, kuma a 1936 jiragen kamfanin Imperial Airways na Ingila suka fara zirga-zirga tsakanin Kano da Hartum ta ƙasar Sudan. Sannu a hankali birni ya yi ta tafiya har ya zagaye filin, ta yadda jirgi ba ya tashi ko sauka sai ya bi ta saman rufin gidajen mutane. Ranar 4 ga watan Mayu na 2002 aka ga illar haka, lokacin da jirgin kamfanin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa. Fiye da mutum 100 suka rasu, wasunsu suna zaune ne cikin gidajensu.

Mun kawo wannan tarihi ne saboda masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu mutanen Magarya da Dungas ba mu da filin jirgin da ya fi mana kusa a cikin ƙasarmu kamar na Damagaram. Daga Magarya kilomita kusan 90 ne, alhali daga Damagaram zuwa Yamai sai an ci kusan kilomita 900 a mota. Tsoho mai niyyar aikin hajji da majinyacin da likita ya tura babban asibiti su suka san wahalar wannan hanya.

Wani zai ce ai ga Kano nan kusa. Gaskiya ne, amma idan mai karatu bai manta ba, Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, aka kuma sake rufe su bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023. Wanda ya dogara da ƙofar maƙwabci, ran da aka kulle ta a waje zai kwana.

Damagaram ba ƙaramin gari ba ne. Shi ne babban birnin Nijar har zuwa 1926, ga jami'a, ga matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011. An kuma yi wa filin jirginsa gyara albarkacin bikin Zinder Sabuwa na 18 ga Disamba 2018. To amma gyara daban, kiyayewa daban. Filin a bakin gari yake, garin kuwa kullum ƙara faɗi yake yi, kuma duk inda aka yanka filaye aka sayar, aka yi gini, tashin mutane sai da rigima da diyya mai yawa.

Don haka muna kira ga gwamnan jaha da hukumomin birni da su shata iyakar filin a fili, su hana yanka filayen gidaje a hanyar da jirage ke bi wajen tashi da sauka. A kula da shinge saboda dabbobi, a nisanta juji da mahauta daga wurin, domin su ke tara tsuntsaye, tsuntsu ɗaya kuwa yana iya kashe injin jirgi. Sannan hukumar aikin hajji ta COHO ta riƙa tsara tashin maniyyatan jahar daga Damagaram kowace shekara, domin filin da ba a amfani da shi, shi ne mutane ke ɗauka ba shi da mai shi.

Sarakunanmu da ƴan kasuwarmu na Magarya da Dungas su ma su sa baki tun yanzu, tun gyaran bai wuce alƙalami da takarda ba. Allah Ya sa masu iko su ji.