PS2 Mai Kauri Ko Siririya: Gardamar Hoto Da Ke Cin Kuɗin Matasa

A gidajen gem na Ƙofar Marusa, da zarar an ɗauke wuta ana jiran a tada janareta, akwai gardamar da ba ta tsufa: wai PS2 mai kauri ta fi siririya kyan hoto. Wanda ya fara buga Winning Eleven tun yana firamare zai rantse cewa a mai kauri ciyawar fili ta fi kore, rigunan 'yan wasa sun fi fitowa. Wani kuma ya ce ai siririya ce ta zo daga baya, don haka dole ta fi.

Da a fatar baki abin ya tsaya, da da sauƙi. To amma gardamar ta shiga kasuwa. Yaro zai tara kuɗinsa na watanni don ya sayi tsohuwar na'ura ta hannu, ko dai don ya tuna yarinta ko don ya buɗe ɗan gidan gem a ƙofar gida, sai mai sayarwa ya ɗora masa ƙari da cewa "wannan ce orijina, hotonta daban ne." Ya biya, ya kai gida, ya jona a filasma, hoton ya fito dishi-dishi kamar ana kallo ta cikin hazo.

Gaskiyar magana ita ce, idan aka ɗauki mai kauri da siririya masu lafiya, 'yan yanki ɗaya, aka jona su da waya ɗaya a talabijin ɗaya, aka sa gem ɗaya, da wuya ido ya raba su. Mutane ba ƙarya suke yi ba idan sun ce sun ga bambanci. Sun gani. Sai dai daga wani wuri yake zuwa, kuma duk wanda bai san wurin ba, kuɗinsa ne zai yi kuka.

Me Sony ya canza?

PS2 ta fito a Japan a watan Maris na 2000, aka ci gaba da ƙera ta har ƙarshen 2012, an kuma sayar da fiye da miliyan 155. A tsawon waɗannan shekaru Sony ya yi ta sake cikinta. Kowane samfuri yana da lamba a jikin takardar da ke manne a baya ko a ƙasa, wadda take farawa da SCPH.

Masu kauri da aka fi gani a nan su ne jerin 30000, 39000 da 50000. Ta 50000, wadda ta fito a 2003, ta zo da fanka marar ƙara da wurin karɓar rimot, sannan ta fi magabatanta iya nuna fim ɗin DVD. Siririya ta fara da 70000 a ƙarshen 2004: an cire wurin sa hadis, an fitar da cajar waje. A 75000 ta 2005 an canza ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke kula da fad da memori da gem ɗin PS1, abin da ya sa wasu gem suka daina tafiya daidai. Ta 90000, wadda ta fara fita a ƙarshen 2007, ta mayar da cajar cikinta.

Duk wannan canji na rage girma ne, da rage zafi, da rage kuɗin ƙira. Sashen da ke zana hoton, wanda Sony ke kira Graphics Synthesizer, aikinsa bai canza ba, kuma ma'ajiyarsa tana nan a 4MB daga ta farko har ta ƙarshe. An matse shi, a wasu samfuran ma an haɗe shi da babbar ƙwaƙwalwa wuri ɗaya, amma yawan ɗigon da yake zanawa a PES 2013 ɗaya ne ko a wace aka sa. Dole ma haka ta kasance, domin masu haɗa gem ba za su yarda aikinsu ya fito iri biyu ba.

Inda maganar take da tushe

A yi wa masu gardamar adalci: akwai na'urorin da samfuri yake canza hoto da gaske. Sega Mega Drive, wadda yayyen masu karatu da yawa suka buga Mortal Kombat a kanta, ita ce babban misali. Ƙaramar IC ɗin da ke haɗa launuka ta tura su zuwa talabijin ba iri ɗaya ba ce a duk fanel. Wasu an sa musu ta Sony mai lamba CXA1145, wasu CXA1645, wasu ta Samsung mai lamba KA2195D, wasu ta Fujitsu. Sai a ajiye Mega Drive 2 guda biyu masu kwali iri ɗaya, ɗaya hotonta tas, ɗaya ya dushe ko ya fito da zane-zane a tsaye. Haka Super Nintendo: waɗanda aka ƙera daga 1995 da fanel ɗin da ake kira 1CHIP sun fi na farko kaifin hoto, shi ya sa masu tara tsofaffin na'urori a Turai da Amurka suke rububinsu.

Mai waya a hannu ma ya san irin wannan. Samsung ya sha fitar da Galaxy S mai suna ɗaya, wata da Exynos wata da Snapdragon, ya danganta da ƙasar da aka tura ta. Don haka tambayar "wane samfuri ne?" tambaya ce mai kyau. Kuskuren shi ne a PS2 an duba kauri, an bar lambar da ta fi muhimmanci.

Lambar ƙarshe ita ce magana

Lambar ƙarshe ta SCPH tana faɗin ƙasar da aka yi wa na'urar. Idan 0 ce, Japan. Idan 1 ce, Amurka. 3 ta Ingila ce, 4 kuma sauran ƙasashen Turai. Wato SCPH-39001 'yar Amurka ce, SCPH-50004 'yar Turai ce. Kayan hannu da ke shigowa arewa ta Legas ko ta Kwatano a haɗe suke zuwa, ba wanda yake tsayawa tantancewa.

Japan da Amurka suna kan tsarin NTSC: layi 480, hoto yana sabuntawa sau 60 a daƙiƙa. Turai tana kan PAL, tsarin da Najeriya ma take kai: layi 576, sau 50 a daƙiƙa. Idan masu gem ba su wahalar da kansu wurin gyara shi don PAL ba, sai ya fito da baƙin gefe sama da ƙasa, mutane su gajarce, gudun wasan ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Final Fantasy X ta Turai ta yi suna a wannan matsala. Gran Turismo 4 ta Amurka tana iya fitar da 480p har da 1080i, amma an cire wannan a ta Turai. Sannan idan aka sa gem ɗin NTSC a tsohuwar talabijin da PAL kaɗai ta sani, hoton zai fito fari da baƙi, yaro ya ɗauka na'urar ce ta lalace.

To wanda ya taso yana buga gem ɗin Amurka a mai kauri, daga baya ya ga irinsa na Turai a siririya, dole ya ce ta farko ta fi. Yankin gem ɗin ya gani, ya ɗora wa kauri.

Lambar tana kuma ceton na'ura daga ƙonewa. Mai kauri 'yar Amurka ko Japan an yi ta ne don wutar da ba ta wuce 120 ba, ta nan kuwa 230 ce. Wanda ya jona ta kai tsaye ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba, hayaƙi zai gani kafin hoto.

Wayar da kowa ya raina

Babban abin da ke kashe hoton PS2 a Katsina ita ce wayar nan mai kai uku: ruwan ɗorawa, fari da ja. Fari da ja na sauti ne. Duk hoton, haske da launi gaba ɗaya, a cikin ruwan ɗorawar nan kaɗai ake cusa shi, talabijin ta yi ta faman rabawa. Shi ya sa jan rigar Man U yake malala zuwa gefe, rubutun sunan ɗan wasa yake rawa.

Ramin bayan kowace PS2, mai kauri da siririya, yana iya fitar da abin da ya fi haka. Akwai waya mai kai biyar, wadda take raba hoton gida uku: kore, shuɗi da ja, sauran biyun na sauti. Akwai kuma SCART mai haƙori 21, wadda ake samun raminta a bayan talabijin da yawa na hannu da suka zo daga Turai. Wanda ya taɓa ganin God of War ta ɗayan waɗannan wayoyi, ba zai sake tambayar kauri ba. Abu ɗaya za a kula: a saitin na'urar akwai wurin zaɓi tsakanin RGB da Y Cb/Pb Cr/Pr. Mai kai biyar na biyun take so, SCART kuma na farkon. Idan aka saɓa, ko dai allo ya yi baƙi ko komai ya koma kore. 'Yan ƙananan adafta masu mayar da PS2 zuwa HDMI ma saitin na biyun suke buƙata, kuma da yawa an mayar wa mai shago da su ana cewa ba sa aiki alhali saiti ne kawai.

Sai talabijin ɗin kanta. Yawancin gem ɗin PS2 rabi-rabi suke tura hoto: layi na 1, 3, 5 a zagaye ɗaya, na 2, 4, 6 a na gaba. Tsohuwar talabijin mai ƙeya don haka aka yi ta, ido ba ya lura. Filasma kuwa sai ta tattara rabin biyun, ta buɗa su su cika allon da ya ninka su yawan ɗigo, kuma mai araha ba ta iya wannan aikin da kyau. Hoton ya dagule, sannan a ji fad yana jinkiri. Mafi yawan masu cewa "ta da ta fi" a talabijin mai ƙeya suka buga ta da, a filasma suke buga ta yanzu.

Inda mai kauri ta yi nasara

Akwai wuri ɗaya da mai kauri ta fi, kuma ya shafi abin da ido ke gani. Kusan kowa a nan daga falash yake buga gem ta manhajar OPL, saboda ƙurar hunturu ta gama da idon na'urori da yawa. Ramin USB na kowace PS2 tsohon yayi ne, 1.1, wanda gudunsa bai wuce megabit 12 a daƙiƙa ba, ƙasa da gudun faifan kansa. Shi ya sa bidiyon farkon gem yake tsinkewa, murya tana sarƙewa. Mai kauri daga 30000 zuwa 50000 tana da ɗaki a baya da ake sa hadis da adaftarsa, kuma daga hadis bidiyon yana tafiya sumul. Siririya ba ta da wannan ɗakin. Mai gidan gem da na'urarsa ke aiki daga la'asar zuwa dare yana da hujjar biyan ƙari a kan wannan, matuƙar zai sayi hadis ɗin. Wanda kuwa zai ci gaba da falash, ƙarin da ya biya sadaka ya yi.

Haka ma 90000 na ƙarshe-ƙarshe: Sony ya toshe hanyar da memori mai Free McBoot yake bi ya tashi da kansa, don haka mai niyyar amfani da irin wannan memorin ya gwada kafin ya biya.

Shekaru ma ba su bar kowa ba. Mai kauri mafi ƙuruciya ta haura shekara ashirin. Kafasita suna bushewa, musamman a zafin bazara, kuma cajar jabu a siririya ko wutar ƙaramin janareta suna iya jawo layuka masu yawo a allo. Siririya mai lafiya da cajarta ta asali ta fi mai kaurin da ta gaji, ko me aka rubuta a bayanta.

Kafin a miƙa kuɗi

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, alhali waya mai ƙarfi tana buga gem ɗin PS2 da manhaja irin su AetherSX2, har ta ninka kaifin hoton sau biyu ko uku? Gaskiya ne, kuma wanda kaifi kaɗai yake nema, wayarsa ta ishe shi. Amma waya mutum ɗaya take ɗauka, ta yi zafi, ta shanye batir. Ba ta ba da fad biyu da benci cike da masu ihu idan an ci ƙwallo a minti na 90. Wannan ne abin da ake saye idan an sayi PS2, kuma bai kamata a cuci mai sayensa ba.

Don haka mai saye ya juya na'urar ya karanta lambar SCPH, musamman ta ƙarshe. Ya duba ƙarfin wutar da aka rubuta. Ya sa a kunna masa gem ɗin da ya sani, ya bari ta yi zafi, ya ga ko layuka za su fito. Idan mai shago ya ce hoton wannan daban ne, ya nemi a jona ɗayar da waya ɗaya a talabijin ɗaya. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Ƙarin da aka so karɓa don kauri, a sayi waya mai kai biyar da shi.

Tsohuwar talabijin mai ƙeya da ke jibge a ɗakin shirgi kuma, kada a yi gaggawar ba 'yan jari bola ita. A duba bayanta tukuna. Idan tana da ramin nan mai haƙori 21, to mafi kyawun allon PS2 a unguwar yana gidan ba a sani ba.