Tambayar majinyaci a wurin mai abinci ba raini ba ce

A Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da su, abincin da ba nama shi ya fi sauƙin samu: ɗanwake, awara, dambu, kwaɗon zogale da na rama. Masu hawan jini da ciwon suga kan koma gare shi bisa zaton cewa tunda babu nama, babu illa. Sai dai in majinyaci ya tambayi abin da aka zuba a ciki, sau da yawa harara yake samu, ko a ce masa, "In za ka saya ka saya, akwai mutane a bayanka." A ganina, wannan amsa tana iya kai mutum gadon asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Ɗanwake da kanwa ake kwaɓa shi, kanwa kuwa tana ɗauke da sodiyam irin na gishiri, ga dunƙule da yaji a kai. Mai shan lisinopril zai ga awonsa ya ƙi sauka, ya ɗauka maganin ne jabu.

Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, lissafinsa daban ne. Ganyaye irin su zogale da alayyahu suna da bitamin K da yawa, wanda ke rage ƙarfin maganin. Ba a hana shi cin ganye ba, ana dai so ya riƙa cin gwargwado ɗaya kullum. Waken suya na awara yana rage shigar levothyroxine cikin jiki, don haka a bar tazarar awa 4 tsakaninsu. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa kuwa, ƙuliƙulin kwaɗo kaɗan ya isa ya kumbura masa maƙogwaro.

Na san mai abinci tana fama da zafin wuta da tsadar kaya, ga layi. Amma "akwai kanwa" ko "da ƙuli na haɗa" ba ya cin minti ɗaya, kuma wanda aka yi wa bayani da sakin fuska gobe ma zai dawo. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ku kuma iyalai, ku yi tambayar cikin ladabi: "Hajiya, don Allah me aka sa a ciki? Baba na shan magani." Ku roƙi a ba ku yaji da dunƙule a gefe. In aka ƙi amsawa, ku tafi wani wuri ko ku dafa a gida. Ranar karɓar magani kuma, ku faɗa wa mai harhaɗa magani abin da majinyaci ya saba ci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.