Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Jihar Kano Kan Gidan Tarihi a Yadakunya

Mai Girma Gwamna,

Roƙo guda nake da shi: a ware gini ɗaya cikin tsofaffin gine-ginen asibitin kuturta na Yadakunya, a mai da shi gidan tarihi domin tunawa da waɗanda suka yi jinyar masu wannan cuta tun ba a san maganinta ba.

Ranka ya daɗe, a shekarar 1937 hukumomin gargajiya na Kano da Katsina da Sakkwato suka damƙa wa mishan ɗin SIM kula da matsugunan masu kuturta. Abin da ake da shi a wancan zamani allurar man wani itace ce daga Indiya, ga raɗaɗi ga ƙarancin amfani. Sai wajen ƙarshen shekarun 1940 Dokta John Lowe ya tabbatar a Uzuakoli, a gabashin ƙasar nan, cewa ana iya shan ƙwayar Dapsone a samu sauƙi. Likitocin Turawa sunayensu na cikin littattafai. Amma ina sunayen 'ya'yanmu da suka wanke gyambo, suka ɗaure ƙafafun da ba sa jin ƙaya ko wuta, suka zauna da waɗanda danginsu suka guje su? Wasu ma majinyata ne da suka samu sauƙi, suka tsaya suna hidimar 'yan'uwansu. Su ne suka fi damuna, domin tsofaffin da suka san su ƙarewa suke yi.

A birnin Bergen na ƙasar Norwe, inda Dokta Hansen ya gano ƙwayar cutar a 1873, tsohon asibitin masu kuturta gidan tarihi ne a yau. Mu ba sai an kashe maƙudan kuɗi ba. A tattara rijistocin asibiti da hotuna da takalman musamman da ake ɗinka wa majinyata, a naɗi muryoyin dattawa, a kuma nemi shawarar Sarkin Kutare da jama'arsa tun daga farko, don labarin nasu ne, kada a mai da su abin kallo.

Cutar ba ta ƙare ba, har yanzu ana samun sababbin masu kamuwa, wasu na ɓoye tabon fata saboda gudun tsangwama har yatsu su lalace. Ɗalibin da ya ziyarci gidan zai koma da sanin cewa kuturta na warkewa cikin wata 6 zuwa 12, kuma maganin kyauta ne tun 1995.

Ina roƙon a sanar da wannan aiki a Ranar Kuturta ta Duniya, Lahadin ƙarshe ta watan Janairu.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan jiharka