In Yarinya Ta Ce Miki Za Ta Tafi Zoo Road

 

A cikin sharhin da kuka bari a makon jiya, wata uwa daga Kebbe ta yi tambayar da na ga ta cancanci mako guda ita kaɗai. 'Yarta ta gama sakandare, kuma tun da waya ta shigo hannunta ba ta da zance sai na zuwa Kano, wai Zoo Road, ta shiga fim. Uwar ta ce ita ko Gusau ba ta taɓa wucewa ba. Shin wurin nan makaranta ce, kasuwa ce, ko kuwa bariki? Wasu iyaye daga Tambuwal suka biyo baya da cewa su ma samarinsu waƙar da suke yi musu ke nan.

To 'yar uwa, titi ne. Yana tasowa daga titin Zariya, daidai gadar Dangi, kuma ya samo sunansa daga gidan namun dajin da Audu Bako ya kafa a farkon shekarun 1970. Audu Bako shi ne gwamnan Kano na farko, ɗan sanda ne da ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, shi ne kuma ya gina madatsun ruwa na Tiga da Bagauda. Har gobe, in aka sauko daga Idi, gidan zoo ne wajen zuwan yara, kowa da sabon ɗinki, ana kallon zaki da kura da jimina. Wataƙila kin tuna labarin da ya karaɗe ƙasar nan a 2019, cewa goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan bakwai na kuɗin shiga da aka tara lokacin sallah. Daga baya gwamnan jihar ya fito ya ce ai babu ma goggon biri a gidan.

A kan titin ne kuma filin baje kolin Kano yake, da katafaren kantin Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014, wanda daga baya aka sa gidan sinima a cikinsa. Mutane sun fi kiran wurin da Shoprite, duk da cewa Shoprite ɗin ta rufe shagonta na Kano a farkon 2024. Da rana za ki ga magidanta da iyalansu. In magariba ta wuce sai titin ya sake kama: masu tsire da balangu su hura wuta, masu gurasa su jeru, Adaidaita Sahu na sauke samari da 'yan mata, kiɗa na tashi daga shaguna.

Amma me ya sa da an ce fim ko sinima gaban uwa ke faɗuwa? Wannan tsoron ya girmi Zoo Road nesa ba kusa ba. A ƙauyukanmu abin da kakanninmu suka sani shi ne majigi, wanda gwamnati ke kawowa a haska a fili kowa ya kalla kyauta. Sinima ta kuɗi kuwa 'yan kasuwa Kwarori ne suka kawo ta Kano, suka gina Rex a 1937 a wajen ganuwa, ɓangaren Sabon Gari, inda mashaya da gidajen rawa suke. Tun daga nan aka haɗa ta da bariki, macen da aka gani a ƙofarta kuwa sunanta ya ɓaci ke nan. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, mutanen gari da dama suka ce azaba ce ta sauka. Da aka buɗe Palace a cikin birni a 1952, kusa da Jakara, sai da aka yi jifa. Duk da haka gidajen kallo suka ci gaba da ƙaruwa, su Plaza da Orion da El Dorado da Wapa, fina-finan Indiya suka zama abincin dare na maza. Wapar nan ta Fagge da yau ake zuwa canjin dala da riyal, daga wani kamfanin jigilar alhazai ta samo sunanta.

Mu mata ba mu je sinima ba, ita ce ta biyo mu har ɗaka. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan aka buɗe ƙofa. Wacce ta yi amarci a shekarun Sangaya ta san yadda ake aiken yaro ya karɓo haya, a taru ɗakin mai janareto. Mu muka raya kasuwar nan da kuɗin cefanenmu, gara mu faɗa wa kanmu gaskiya kafin mu ɗaga wa yara murya. Da harka ta bunƙasa sai furodusoshi da daraktoci da mawaƙa suka riƙa kama ofisoshi a benayen Zoo Road, da ɗakunan naɗar waƙa da na tace hoto. Sunan Kannywood ya fara fitowa a mujallar Tauraruwa a 1999, bayan shigowar shari'a kuma gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001.

Waɗannan benayen su ne Zoo Road ɗin da ke cikin kan 'yarki. Ga abin da waya ba ta nuna mata. Kasuwar kaset da faifai ta mutu, kuɗin yanzu yana wajen fina-finai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24, da Labarina, da Izzar So, da abin da YouTube ke biya. Fuskokin da ke cin wannan abinci ba su da yawa. A bayan kowace fuska da kika sani akwai tarin matasa da ke zaman jira a bakin ofis, a kira su fitowa ɗaya, a ba su na mota, wani lokacin ma ko shi babu. Akwai waɗanda suka yi suna da mutunci a sana'ar, Ali Nuhu ma a 2024 aka naɗa shi shugaban hukumar fina-finai ta ƙasa. Sai dai hanyar da ke tsakanin bakin ofis da wannan matsayi doguwa ce, kuma haya da abinci ba sa jira.

Ni a ganina titin bai kai mutumin cikin waya haɗari ba. Wanda zai turo wa yarinya saƙo a TikTok ko WhatsApp ya ce shi darakta ne, ya yaba fuskarta, ya nemi ta turo hotuna ko kuɗin fom, sannan ya ce ta taho kada ta gaya wa kowa. Duk wanda ya ce a ɓoye wa uwa, ya riga ya gaya miki ko shi wane ne. Mai aikin gaskiya yana da kamfani mai suna, da ofis da ake iya shiga da rana tsaka, da rajista a Hukumar Tace Fina-finai, kuma ba ya gudun ganin waliyyi. Ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ma tana nan, ana iya tambaya.

Kai tsaye zan faɗa: ba zan sa yarinyar da ta fito sakandare jiya a mota ita kaɗai zuwa Kano ba, komai kukanta. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Amma "ba za ki ba" kawai, a juya baya, shi ke sa yaro ya fara tara kuɗin mota a ɓoye. Ki zaunar da ita ki tambaye ta, wane ne ya kira ki? A gidan wa za ki kwana? Wa zai ciyar da ke wata uku in ba a sa ki a komai ba? Sau da yawa a tambaya ta biyu ake yin shiru. Ki kuma gane me take so a cikin abin. In labari take son tsarawa, littafi da biro sun ishe ta farawa a nan Kebbe, marubuta mata da yawa daga ɗakunansu suka yi suna. In saurayi ne mai son kyamara ko tace hoto, sana'a ce da ake koya, ana kuma cin abinci da ita a bukukuwan Tambuwal ba tare da an bar gida ba.

In kuwa akwai hali, gani ya kori ji. A bar shi sai hutu, babanta ko kawunta ko yayanta ya kai ta, a sauka gidan dangi, a shiga gidan zoo da kanti da rana, a hau benen nan ta ga masu zaman jira da idonta. Ku dai tuna tafiyar yini ce cur, daga Tambuwal zuwa Sakkwato, a bi Gusau da Funtuwa, kuma kun san halin da hanyar nan take ciki. A shiga motar tasha ta sassafe, kada a tsaya ta bakin titi don sauƙin kuɗi, kada kuma a yarda dare ya riske su a Zamfara.