Filin Ɗalibai: Finafinan Katun Biyar Na Japan Da Muka Zaɓa Daga Dogon Dawa



Kwanakin baya mun tambaye ku wane fim ɗin katun na Japan ne ya fi kowanne. Kusan duk bakinku ya zo ɗaya: Naruto, Dragon Ball, sai Demon Slayer. Ba mu yi mamaki ba, domin su ne ake tura muku a waya a shagon caji. Sai dai yawanci masu dogon zangonsu kuke kallo, mu kuwa tambayarmu a kan fim ne da ake gamawa a zama ɗaya. Saboda haka a hutun da ya wuce muka tara wasu ɗaliban babbar sakandare a nan Dogon Dawa, muka ari kwamfuta ɗaya da muke yi wa caji da sola, muka riƙa kallo bayan la'asar. Ma'auninmu guda ne: wane fim ne muka ci gaba da zancensa bayan an rufe kwamfuta?

Tun farko mu faɗa: a wasu finafinan akwai iskokin daji da na ruwa irin na al'adar Japanawa. Mun kalle su ne yadda muke sauraron labarin Dodo a tatsuniya. Mu ɗauki darasi, mu bar musu aƙidarsu.

Na biyar shi ne A Silent Voice, wanda Naoko Yamada ta ba da umarni a 2016. Labarin yaro ne da ya sa wata yarinya kurma a gaba da tsokana a firamare har ta bar makarantar. Da asiri ya tonu, abokan da suke taya shi dariya suka juya masa baya. Da ya girma sai ya koyi maganar hannu, ya tafi neman gafararta. Duk ajin da ke da ɗalibin da aka laƙaba wa sunan tsokana ya kamata ya ga wannan fim.

Na huɗu, My Neighbor Totoro na Hayao Miyazaki, 1988. Yara mata biyu, Satsuki da ƙanwarta Mei, sun koma ƙauye da mahaifinsu don su kasance kusa da asibitin da mahaifiyarsu take kwance. A gindin wata ƙatuwar bishiya suka haɗu da Totoro, wata dabbar daji mai taushin hali. Babu mugu a fim ɗin, babu faɗa. Samarin cikinmu sun fara hamma, amma wata ɗaliba ta ce abin da ya ba ta mamaki shi ne yarinya 'yar shekara huɗu ta shiga daji ita kaɗai, kuma babu wanda ya ji tsoron za a ɗauke ta. Ɗakin ya yi tsit.

Na uku, Spirited Away, shi ma na Miyazaki, 2001. Ya ci babbar lambar bikin finafinai na Berlin a 2002, ya ci Oscar a 2003, kuma ya riƙe kambun fim ɗin da ya fi kawo kuɗi a Japan har zuwa 2020, lokacin da fim ɗin Demon Slayer ya ƙwace. Chihiro 'yar shekara goma ce. Iyayenta sun tarar da abinci jibge babu mai shi, suka hau ci ba tambaya, suka rikiɗe suka zama aladu. Don ta cece su sai ta kama aiki a gidan wankan wata matsafiya, wadda ta ƙwace mata sunanta. A gidan akwai wani baƙo marar fuska da yake watsa zinari, ma'aikata suna tattake juna a kai, yana haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Daga baya zinarin ya koma ƙasa. Chihiro kaɗai ta ƙi karɓa. A yankin da muka san ramukan haƙar zinari, muka kuma san 'yan ajinmu da suka ajiye littafi suka tafi can, ba sai an yi mana fassarar wannan wuri ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na biyu, Grave of the Fireflies, wato kabarin maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Isao Takahata ne ya yi shi, kuma rana ɗaya aka fitar da shi da Totoro a watan Afrilun 1988. An ɗauko shi daga gajeren labarin da Akiyuki Nosaka ya rubuta a 1967, wanda ƙanwarsa ta rasu saboda yunwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 jiragen Amurka suka ƙone birnin Kobe. Seita ɗan shekara 14 da ƙanwarsa Setsuko 'yar shekara 4 suka rasa uwa, uba kuma yana bakin daga. Suka koma gidan gwaggonsu. Da farko ta karɓe su, amma da shinkafa ta yi ƙaranci sai gori ya fara. Seita ya yi zuciya, ya ɗauki ƙanwarsa suka koma wani kogo a bakin tafki. A can yunwa ta cinye yarinyar a kan idonsa.

Wannan fim ya jawo mana muhawara mai zafi. Wasu suka ce laifin gwaggo ne. Wasu suka ce girman kai rawanin tsiya, da Seita ya haɗiye gorin da ƙanwarsa ta rayu. Wata ɗaliba da iyayenta suka baro ƙauyensu, take zaune a gidan dangi, ta ce duka biyun gaskiya ne: mai gida bai san nauyin kalmarsa ba, baƙo kuma bai san nauyin tukunyar mai gida ba. Gidaje nawa ne a nan, da Birnin Gwari, da Funtuwa, da Zariya suke ɗauke da irin waɗannan baƙi? In a gidanku akwai ɗan'uwan da rikici ya koro, ku kula da abin da kuke faɗa masa a kan kwanon abinci.

Na ɗaya kuwa shi ne Princess Mononoke, 1997. Miyazaki da ma'aikatan Studio Ghibli, kamfanin da suka kafa da Takahata a 1985, sun zana hotuna kimanin 144,000 don wannan fim, kuma sun kwaikwayi dajin cikinsa ne daga tsohon dajin tsibirin Yakushima. Akwai jini a ciki, don haka kada ku kunna wa ƙanne.

Wani saurayi, Ashitaka, ya kashe wani aladen daji da ya haukace ya tasam ma ƙauyensu. A cikin gawar aka sami harsashin ƙarfe, shi kuma ya kamu da wani tabo a hannu wanda yake motsi duk sanda fushi ya taso masa, yana yaɗuwa yana neman ransa. Ya bi sawun harsashin har garin maƙera, inda wata mace, Eboshi, take sare daji don narka tama da ƙera bindigogi. Kana shirin tsanarta sai ka ga ita ce ta tattaro kutare da matan da duniya ta yasar, ta ba su sana'a da mutunci. A ɗaya ɓangaren akwai San, yarinyar da kerkeci ya raina, wadda ta rantse sai ta kashe Eboshi. Kowa yana da dalili, kowa yana da gawar da yake kuka a kai.

Mu da sunan garinmu ma daji ne, mun san abin da ake nufi. Iyayenmu sun san dajin Kamuku, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, da giwaye da gwanki, da zuma da kiwo. Mu kuwa mun tashi ne muna jin sunan daji gabanmu yana faɗuwa. A Oktoban 2012 aka kashe mutum kimanin ashirin a garin nan, yawancinsu suna fitowa daga sallar asuba. A 2021 aka katse layukan waya a yankinmu saboda tsaro. Sai a ƙarshen 2024 aka yi sulhu har aka sake buɗe kara a Birnin Gwari.

Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, namu na daji ai ba dabbobin tatsuniya ba ne, mutane ne da suka kashe mana 'yan'uwa." Gaskiyarsa ne, kuma fim ɗin bai wanke mai laifi ba. Abin da ya nuna shi ne yadda ƙullata take cin mai ita, kamar tabon hannun Ashitaka. A ƙarshe garin ya rushe, tsohon dajin ya tafi, Eboshi ta rasa hannu ɗaya. San ta ce ba za ta iya yafe wa mutane ba, ta koma daji. Ashitaka ya tsaya ya taya sake gina gari, da alƙawarin zai riƙa ziyartarta. Ba a rungumi juna ba, an dai daina harbi, ciyawa ta fara tsiro. Ya kuma bar mana tambaya: yanzu da hanya ta ɗan buɗe, motocin gawayi da na katako da muke gani, me za su bar wa ƙannenmu?

Ga aikin gida. Ku sami kaka ko wani dattijon unguwa, ku tambaye shi dabbobin da ya taɓa gani da idonsa a dajin nan, da bishiyoyin da suka ɓace. Ku rubuta a shafi ɗaya, ko ku zana. Masu zane a bayan littafin lissafi, ku sani Miyazaki da fensir da takarda yake aiki, kuma yana da shekara 83 ya ci Oscar na biyu a 2024 da The Boy and the Heron. Ku dai nemi littafin zane daban, kada malamin lissafi ya ce mu muka sa ku. Waɗanda suka fi kyau za mu buga su a wannan shafi.

Wanda bai yarda da jerinmu ba, ya aiko nasa tare da hujja. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.