Kafin ka zuba gawayi a gonar Baba

Ka ga bidiyon nan da ke cewa gawayi taki ne? Dakata tukuna. Sabon gawayi yana iya shanye abincin shuka, ganyen masara ya koma rawaya. Sai ya daɗe cikin iska da danshi, oksijin ya kama bayansa, sannan yake riƙe sinadarai irin su kalsiyam da fotasiyam, ruwan sama ya kasa wanke su. Haka baƙar ƙasar dajin Amazon a Brazil ta shekara ɗaruruwa tana ba da albarka.

Saboda haka cakuɗa garin gawayin da kashin dabbobi, ya yi makonni kafin shuka. Kuma don Allah ka yi gawayinka da buntun shinkafa, ka bar mana bishiyoyinmu.