Wai Saƙa Aikin Mata Ne?



Yau da masu yi mini dariya a nan Agege nake, masu cewa namijin da ya riƙe kibiya da zaren ulu ya zubar da girman gidansu. Wasu har da ƙarin cewa tunda safar Kirsimeti nake saƙawa, na shiga hurumin da ba nawa ba.

To, a yi ta a fili. Su wa ke yi wa babbar riga aiki da allura tun kaka da kakanni? Maza. A tsibirin Takile na ƙasar Peru ma maza ke saƙa huluna, har UNESCO ta karrama sana'arsu a 2005.

Ita safar al'adar Turawa ce. A Ingila da Amurka ana rataye ta a bakin murhu daren 24 ga Disamba, a cika wa yara ita da kyauta. Ba a sa ta a ƙafa, shi ya sa guda ɗaya ake saƙawa, ƙatuwa. Maƙwabtanmu Kiristoci na saye don ado. Tumatir da albasar da iyayenmu ke sayarwa a Mile 12 cikin Disamba fa, tukunyar wa suke shiga? Ban taɓa jin an mayar da motar Kano ba.

Ni dai na ɗaura niyya: safa 12 kafin Disamba, in kuma ƙware a juyin dunduniya, inda aikin ya fi wuya. Kuɗin na rajistar JAMB ne. Mai dariya ya biya mini, sai in ajiye kibiyar.